Masu Karanta Taya a Ƙasar Adar

Motar da ke cin kasuwannin ƙauye tsakanin Madawa, Buza da Keita tana iya taka ƙasa iri huɗu ko biyar a wuni guda. Da sassafe tana kan kwaltar babbar hanyar da ta taso daga Yamai, ta ratsa Ƙonni da Galmi da Madawa, ta miƙe Maraɗi. Da hantsi ta saki kwalta ta hau burji mai gargada. Kafin azahar ta haura tudun Adar, inda dutse ke da kaifi, sannan ta gangara kwari ta faɗa yashin korama. In damina ce sai a ƙara da lakar fadamun Majiya da Tarka. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa kuwa ba su da lokaci, rani da damina suna kwance a bakin hanya. Dutsen nan da matan Keita suka yi ta ɗauka a ka tun 1984, lokacin da aka soma babban aikin farfaɗo da ƙasa da taimakon Italiya, suka jera shi ya tare ruwa ya raya gonaki, shi ne dai yake yanka gefen taya in direba ya yi sake.

Tayar da za ta yi wannan tafiya ba a Adar aka yi ta ba, kuma wanda ya yi ta bai san Tamaske ko Ƙarofane ba. Sai dai a zaɓa cikin abin da ya iso kasuwa. Wannan zaɓe ilimi ne mai zaman kansa, kuma masu shi suna nan a kowace tasha: tsohon mai faci da ke zaune a rumfarsa da injin iska da rabin duro na ruwa, da tsohon direba da ya shekara da shekaru yana bin hanyar Madawa zuwa Tawa ta Buza da Keita. Da yawansu ba su zauna a aji ba. Amma ka ajiye musu taya goma, kafin shayi ya yi za su ware maka ta ɗauka da ta bari, su kuma gaya maka dalili.

Abin da ya fara burge ni game da su shi ne ba da taya suke farawa ba. Ka je ka ce kana son taya mai kyau, gwani zai dube ka ya ce, “Alhaji, ina motar take zuwa? Me take ɗauka? Wa ke tuƙa ta?” Wanda bai san kan abin ba zai ga kamar jan magana ne. Alhali amsar nan uku ita ce rabin cinikin. Motar ma'aikaci da ke zirga-zirga tsakanin Madawa da Ƙonni a kan kwalta, da motar da ke kwaso albasa daga garaken Sabon Gida, da wadda ke kai marar lafiya daga ƙauyen bayan Ibohamane cikin dare, ko da ƙirarsu ɗaya ce, ba taya ɗaya ce ta dace da su ba.

Sai ya juya ga rubutun da ke jikin tayar. A ce an rubuta 195/65 R15 91H. Lamba ta farko faɗin tayar ce, milimita 195. Ta biyu tsayin gefenta ce, kashi 65 cikin ɗari na wancan faɗi. Harafin R yana nufin irin saƙar da kamfanin Michelin na Faransa ya fito da ita a 1946, wadda zarenta ke tafiya daga baki zuwa baki, ita ce kuma ta mamaye duniya yanzu. Lamba 15 girman ƙarfen da za a ɗora ta ne, a ma'aunin inci. Yawancin masu saye a nan suke tsayawa: in ta shiga ƙarfe, shi ke nan. Gwani kuwa idonsa na kan ƙarshen layin, don can rai yake. Lamba 91 tana nufin tayar ba ta ɗaukar fiye da kilo 615. Huɗu sun ba da kilo 2,460, har da nauyin motar kanta. Tayar da aka yi domin bas irin Toyota Hiace, wadda aka rubuta wa 195 R15C da lamba 106, tana ɗaukar kilo 950, huɗu ke nan kilo 3,800. Dukansu biyun suna hawa ƙarfe mai inci 15, dukansu baƙaƙe ne, daga nesa ba ka raba su. Amma tsakaninsu akwai kilo 1,340, wato buhun albasa goma da ɗoriya. Harafin C ɗin nan shi gwani ke nema da ɗan yatsa, tare da alamar 8PR da ke nuna ƙarfin jikin tayar. In bai gan su ba, ko an ba shi rabin kuɗi ba zai ɗora ta a motar haya ba.

Kuma ya san wani abu da lissafin bai faɗa ba. Kaya ba ya rabuwa daidai a kan ƙafa huɗu. In an yi lodi, an ɗaure buhuna a bisa, an cika baya da fasinja, ƙafafun baya ne ke shan wuya. Don haka in lamba ta yi daidai wa daida da nauyi, a wurinsa ta gaza.

Harafin ƙarshe na gudu ne: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240, W 270. A nan samari ke ruɗewa. Akwai tayoyin da Turawa suka yi domin motocin gudu, masu faɗi, masu ɗan siririn gefe, da roba mai laushi da ke kama kwalta. A ba su haƙƙinsu, a kan hanya mai santsi marar rami sun iya kwana, birkinsu kuma yana ci da wuri. Motocin da ake shigowa da su daga Turai da Amurka sukan zo da su, a kan manyan ƙarafa masu ƙyalli, saurayi ya ga mota ta zauna ta yi kyau, ya ce irinsu zai mayar. Gwani ba ya musu da shi a kan kyau. Sai ya sa ɗan yatsa ya auna masa gefen. Taya mai lamba 225/45 R17 tsayin gefenta santimita 10 ne da ɗan kai. Mai 195/65 R15 ta kusa 13. Ta bas ta haura 15. Wannan gefe shi ne ke shanye duka in mota ta faɗa rami ko ta hau dutse. In ya yi gajarta, sai ƙarfe ya matse roba da dutse, zaren ciki ya tsinke, gobe ka ga ƙululu ya fito, jibi ƙarfen ma ya lanƙwashe. Ga robar mai laushi, wadda burji ke cinyewa da sauri. Shawararsa a kan irin wannan mota takan zama a koma ƙaramin ƙarfe da taya mai tsayin gefe, muddin birki ya samu wurin zama a ciki, kuma girman ƙafar gaba ɗaya bai yi nisa da na asali ba. In an zarce, taya ta riƙa gogar jikin mota a kwana, agogon gudu kuma ya riƙa nuna ƙasa da abin da ake yi. A ganina gaskiyarsa ce. Tayar da ta isa yabo a Adar ita ce wadda ta je Keita ta dawo da iskarta.

Masu Land Cruiser na daji suna da tasu tsohuwar amana, taya mai lamba 7.50 R16, siririya doguwa, mai tiyub a ciki. Gefenta a miƙe yake, bai bultso waje ba balle dutse ya same shi, kuma ko a wane ƙauye ta yi faci za a iya ɓanɓare ta a gyara. Marar tiyub ita ma da nata alherin: in ƙaya ta shige ta, a hankali take sacewa, sau da yawa har a kai gari, kuma ba ta ɗaukar zafi kamar mai tiyub. Sai dai tana son ƙarfe lafiyayye, in bakinsa ya ɗan motse iska ta riƙa zurarewa. Gwani yana duba ƙarfen motarka kafin ya ce maka ga wadda za ka ɗauka.

Duk wannan a kan sabuwar taya ne. Inda gwaninta take fitowa sosai shi ne a tayar gwanjo, kuma a nan ne mafi yawan ciniki yake. Da can ana yin taya a maƙwabta: Michelin na da masana'anta a Fatakwal, Dunlop na da tasa a Ikeja. Ta farko ta rufe a 2007, ta biyu ta bi ta a 2008. Yanzu sababbin da ake samu galibi daga ƙasashen Asiya suke zuwa, na hannu kuma daga Turai, ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome. Da iyakar Benin ta rufe a 2023, kaya da yawa sai da suka riƙa zagayowa ta Burkina Faso. Taya ta kwana a jirgi, ta kwana a sito, ta kwana a rana a bakin shago. Mai saye bai san abin da ta gani a rayuwarta ba. Mai faci shi ke sa ta faɗa.

Yadda dillalin dabbobi ke buɗe bakin rago ya duba haƙora kafin ya taya, haka shi ma yake fara neman shekarunta. A gefe ɗaya, bayan haruffan DOT, akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ya ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. In lamba uku ya gani, tun kafin 2000 aka yi ta, sai dai a ba mai amalanke. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, tana bushewa ta yi tauri. Kamfanin Michelin da kansa yana ba da shawarar a riƙa duba taya kowace shekara in ta kai biyar, kuma kada ta wuce goma ko da zanenta na nan. Wannan shawara ce ga duniya baki ɗaya. A ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40 a inuwa, gwani ba ya jiran goma. In kuwa ya ga an goge wurin lambar ko an karce shi, ba ya ƙara tambaya.

Daga nan sai ya sa ruwa ya wanke ta, domin masu sayarwa sun iya shafa baƙin mai taya ta yi sheƙi. Ya taka gefenta da ƙafa ya lanƙwasa, in akwai ƙananan tsaga sai su buɗe baki. Ya gara ta a ƙasa ya bi ta da ido: lafiyayya tana tafiya a miƙe, wadda wayar cikinta ta rabu da roba tana rangaji. Sannan ya zura hannu ciki, ya bi da tafinsa a hankali har ya zagayo. Abin da ido bai gani ba fata tana ji: tsohon faci, kan waya da ya leƙo, wurin da ya yi laushi. In ya fito da hannu ya ga baƙin gari, ya san an taɓa tuƙa ta ba iska har cikinta ya niƙe, irin wannan ko waje ya yi kyau ta mutu. Facin da ke tsakiyar zane, in ramin ƙarami ne, yana yarda da shi. Facin gefe ba ya yarda, saboda gefe ne ke lanƙwasa a kowane juyi, ba abin da zai zauna a wurin. Ya duba bakin da ke kama ƙarfe ko an yage shi wajen cirewa. A ƙarshe ya ɗora ta, ya ba ta iska, ya tsoma a ruwa yana neman kumfa, ya sake shafa ta yana neman kumburi. Duk wannan bai fi 'yan mintoci ba, kuma yana yi yana hira da kai.

Akwai tarko biyu da suka fi kama baƙon ciniki, dukansu kuwa da zurfin zane suke yaudara. Na farko tayar sanyi ce. A Turai ana yin taya ta musamman domin ƙanƙara, robarta an haɗa ta ne don ta yi aiki a yanayin da bai kai digiri 7 ba. Zanenta na da zurfi, da ƙananan tsage-tsage birjik, a gefenta kuma akwai hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki. Turawa kan cire ta tun da sauran zane, ta biyo kwantena ta iso nan tana ɗaukar ido. A kan kwaltar watan Afrilu sai ta saki jiki, birki ya yi nisa, ta suɗe da wuri. Gwani na ganin waɗannan tsage-tsage ya ajiye ta gefe. Na biyu sassaƙa ce. Wasu kan ɗauki tayar da ta suɗe su bi ta da wuƙa mai zafi su fitar da sabon zane. Akwai tayoyin manyan motoci da aka yi su da kaurin da zai ɗauki haka, an kuma rubuta a jikinsu. Ta ƙaramar mota ba ta da wannan kauri, wuƙar tana kaiwa dab da waya. Yana gane ta da bakin zanen da ya yi kaifi ba daidai ba, da kuma ɓacewar 'yan tudun nan da masana'anta ke sawa a cikin kwarin zane.

Waɗannan 'yan tudu tsayinsu milimita 1.6 ne, in zane ya sauko daidai da su taya ta ƙare. Sabuwar tayar ƙaramar mota takan zo da kimanin milimita 8. Mai saye yakan ga ta gwanjo mai milimita 4 ya ce ai rabi ce, ya biya rabin kuɗi yana murna. Amma abin ci a sabuwa 6.4 ne, a wannan kuwa 2.4, kashi ɗaya cikin uku da ɗan kai. Tsohon direba ko bai yi lissafin da alƙalami ba, ya san shi a aljihunsa, shi ya sa yake cewa araha ba ta ado. Duk da haka ban taɓa jin gwani na gaske ya raina wanda ya zo sayen gwanjo ba. Ya san abin da motar haya ke samu a wuni, ya san mai da kamasho da abin da za a kai wa mai mota. Aikinsa shi ne ya tono maka ta ƙwarai a cikin tarin, ya kuma gaya maka gaskiyar kwanakin da za ta yi.

Tsohuwar tayar da aka cire ma ba ya jefar da ita sai ya karanta ta. In tsakiya ta fi cinyewa, iska ta yi yawa. In kafaɗu biyu ne, iska ta yi kaɗan ko kaya sun yi yawa. In gefe ɗaya ne, ƙafar motar ta karkace, sai an je an daidaita. In ta yi tudu da kwari, abin da ke shanye girgiza ya mutu, gargada ta gama da shi. Sai ka ji ya ce, “Maigida, ka fara zuwa wurin bakanike, in ba haka ba sabuwar ma haka za ta yi.” Mutumin da ke cin abinci da lalacewar taya, ga shi yana gaya maka yadda taka za ta daɗe.

In biyu kawai aka iya saye, direbobi da yawa gaba suke sa su, don can sitiyari yake. Masu yin taya kuwa sun ce baya, kuma gwanayen da suka ga hatsari da idonsu sun yarda da haka. In ƙafar gaba ta zame, direba yana jin ta a hannunsa, yana da abin yi. In baya ya kwace, mota juyawa take yi gaba ɗaya. Ga shi kuma bayan ne ke ɗauke da lodi. Abin da ba ya yarda da shi ko kaɗan shi ne a haɗa iri biyu ko girma biyu a hagu da dama. Safaya ma yana duba ta kamar sauran, don ranar da za a neme ta ba a kusa da gari ba ne.

Saura iska, wadda ita ce ke raya zaɓen ko ta kashe shi. Kakar albasa a Tarka da Majiya tana faɗowa ne daidai da bazara, wato nauyi mafi yawa a kan hanya mafi zafi. Akwai maganar da ta yaɗu cewa in zafi ya yi a rage wa taya iska kada ta fashe. Gwani ya san wannan ita ce hanyar fashewa. Tayar da iskarta ta gaza tana lanƙwasa fiye da kima a kowane juyi, lanƙwasar tana haifar da zafi daga ciki, zafin ya raba roba da waya. Kilo 950 ɗin nan na tayar bas ma sai da cikakkiyar iska take ɗaukarsa. Don haka da safe yake aunawa, taya na sanyi, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, ya ƙara in za a yi lodi. In an yi tafiya ma'auni ya nuna ta ɗan hau, ba ya sacewa, haka lafiyayyar taya take yi. A yashin korama ne kawai yake yarda a rage don taya ta baje ta haye, da sharaɗin a mayar kafin a hau dutse ko kwalta. Tsofaffin direbobi in sun tsaya salla ko shan ruwa sukan zagaya mota suna ɗora bayan hannu a kan kowace ƙafa. Wadda ta fi 'yan'uwanta zafi, ita ce ke da magana.

In taya ta gama da mota, a Adar ba ta gama aiki ba. Ta koma amalanke, ta zama takalmi, ta zama mazubin ruwan dabbobi, tiyub ɗinta ya zama guga da igiyar ɗaure kaya.

Abin da ke damuna shi ne kuɗin faci kawai muke biyan waɗannan mutane, idonsu da hannunsu kyauta muke ɗauka, alhali su ne suka fi tsada. Yaran da ke koyo a hannunsu kuma da yawa sun iya ɓanɓare taya amma ba a zaunar da su an koya musu lambobin ba. Ƙungiyoyin direbobi na tashoshin Madawa, Buza da Keita za su iya haɗa tsofaffin da samarin ko da wuni ɗaya ne kafin kakar albasa. Kai kuma mai mota, kada ka yi cinikin biri a sama. Ranar da za ka sayi taya, ka ɗauki mai facin da ka yarda da shi ku tafi tare, ka bar shi ya zura hannu ya karanta lambar, sannan ka ba shi ladan dubawa dabam da kuɗin ɗorawa.